'Yarmu Ta Girma, Hankalinmu Ya Ƙi Kwanciya: Tambayoyin Iyaye Kan Samari, Ƙawaye Da Waya

Yawancin tambayoyin nan iyaye mata ne ke yin su a fili, amma suna cin iyaye maza a rai su ma, nauyin baki ne kawai ke hana su furtawa. Maganar ta shafi 'ya mace da ta wuce shekara 18, tana jami'a ko ta gama ko tana aiki, kuma tana gaban iyayenta ba ta yi aure ba. Yarinya 'yar sakandare nata bayanin daban ne.

Kullum tana kan waya har tsakar dare, tana murmushi ita kaɗai. Alamar lalacewa ce?

Wannan kaɗai ba ya nuna komai. Zancen da ake yi a zaure tsakanin magariba da isha a da, yanzu da yawansa ya koma WhatsApp. Uwa takan leƙa ɗaki ƙarfe ɗaya na dare, ta ga hasken waya yana fitowa ta ƙarƙashin bargo, gabanta ya faɗi. Sau da yawa abin da ke ƙarƙashin bargon nan hira ce da saurayi ɗaya da ake so, ko surutun ƙawaye kan anko.

Wadda ke murmushi ba ta kai wadda ke firgita abin damuwa ba. Ki lura da ita idan waya ta yi ƙara: fuskarta washewa take yi, ko jikinta ne ke ɗaukar rawa ta fice da sauri? Sauran abubuwan dubawa su ne raguwar cin abinci da barci, yawan neman kuɗi ba tare da bayani ba, yanke hulɗa da tsofaffin ƙawayenta gaba ɗaya, ƙarya kan inda ta je, faɗuwar sakamakon jarrabawa, da sakaci da sallah ga wadda ba ta saba ba. Alama ɗaya ba hujja ba ce. Uku ko huɗu da suka haɗu suka ɗauki makonni, su ne ke cewa a zauna da ita.

In ɗauki wayarta in bincika ba ta sani ba?

Ba mu ba da wannan shawarar ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma ba ta ware 'ya'ya ba. Ko an ajiye wannan, dabarar ba ta aiki. Ranar da ta gane an duba mata waya, abu uku ke biyo baya: ta canza lambar sirri, ta riƙa goge hira kafin ta kwanta, ko ta sayi ƙaramar waya ta biyu ta ajiye wurin ƙawa. Daga nan kin rasa wayar, kin kuma rasa bakinta.

Akwai wata illar. Abin da za ki karanta guntu ne, ba ki san farkonsa ba, ba ki san wasan da ke tsakaninsu ba, sai ki gina hukunci a kan rabin zance. Mafi muni shi ne a sa yayanta namiji ya duba. Saurayi mai zafin kai ya ga kalmar soyayya a wayar ƙanwarsa, abin da ke biyo baya mari ne, kuma gabar da za ta shiga tsakaninsu takan kai har bayan aurenta.

Inda doka ta sauya shi ne inda rai ke cikin haɗari: ta ɓace, ko ta ambaci kashe kanta, ko kin tabbata wani na yi mata barazana. Ko a nan, in tana gida, a fili za a yi: "Ba ni wayar nan mu duba tare, ba faɗa zan yi miki ba."

'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa. Ta ina zan fara yi mata maganar samari?

Alkunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau, amma ta bar 'yan mata da yawa ba su da babban da za su gaya wa damuwarsu. In ba za ki iya ba, kada ki tilasta wa kanki, ki naɗa wakiliya. A gidan Bahaushe wannan aikin gwaggo ne, ko ƙanwar uwa, ko kaka, tunda tsakanin jika da kaka akwai wasa, kuma cikin wasan ake jin gaskiya. Sharaɗi biyu ne: ta kasance wadda yarinyar ke sakin jiki da ita, kuma mai riƙe sirri. Gwaggon da za ta kai labari gidan suna ta fi rashin gwaggo illa.

In kuwa ke za ki yi, ki zaɓi lokacin da hannuwanku ke aiki, kuna gyaran kayan miya ko ninke wanki, ba ƙannenta a kusa. Magana ta fi fita idan ba a kallon juna ido cikin ido. Kada ki buɗe da tuhuma irin "wane ne yake kiran ki da dare?" Ki ce: "Uwata, kin girma, na san ba za a rasa masu zuwa ba. In akwai wanda hankalinki ya kwanta da shi, ina so in ji daga bakinki, kada in ji a waje." Sai ki yi shiru. Wataƙila ta sunkuyar da kai ta ce babu kowa. Ki karɓa, ki sake tayar da zancen bayan mako biyu. Abin da ta fara faɗa miki gwaji ne, tana duba ko za ki yi ihu, ko za ki kai wa Abbanta a daren. In kin ci wannan gwajin, saura zai zo da kansa.

Mahaifinta ya ce ba wanda zai tsaya masa a ƙofar gida. Hakan daidai ne?

Alhaji, niyyarka tsaro ce, amma ka duba inda zancen zai koma. Budurwa mai shekara 23 ba za ta rasa mai so ba don an rufe ƙofa. Zai koma bayan layi, ko gidan ƙawa, ko wurin shan askirim, ko cikin mota mai baƙin gilashi da aka ajiye nesa da fitila. Duk waɗannan sun fi ƙofar gidanka haɗari.

Tsarin da ya fi aiki shi ne a shigo da zancen cikin gida a sa masa ƙa'ida. Wuri: zaure, ko falon baƙi da ƙofa a buɗe, ko farfajiya mai haske inda mutanen gida ke wucewa. Lokaci: kwana ɗaya ko biyu a mako, bayan la'asar ko bayan isha, a tashi kafin ƙarfe tara ko duk lokacin da gidan ya saba rufe ƙofa. Ba zama cikin mota. Zuwansa na farko ko na biyu ya shigo ya gaida mahaifiya, a san cikakken sunansa, unguwarsu da sunan mahaifinsa. Shari'a keɓewa ta hana, ba ta hana mai neman aure ya ga wadda yake nema ya yi magana da ita ba.

Wannan ƙa'idar tana tace mutane da kanta. Mai niyyar aure ba ya gudun gaida iyaye. Wanda ya ce shi kunya yake ji, wata uku yana kira daga bakin titi, ya riga ya ba da amsa.

Samari huɗu ke zuwa wurinta. In ce ta tsayar da ɗaya?

Kafin a yi alkawari da kowa, yawan manema ba aibi ba ne, farin jini ne. Matsalar tana farawa idan tana karɓar toshi daga kowa tana ba kowa fata. A nan ake samun faɗan samari a ƙofar gida, da wanda zai zo daga baya yana lissafin abin da ya kashe. Ki gaya mata ta rage karɓar kaya masu nauyi daga wanda ba ta da niyyar aura. Da zarar an karɓi gaisuwar wani an ba shi, sauran su tsaya, domin hadisi ya hana mutum ya nemi aure a kan neman ɗan'uwansa.

Wata nawa ya kamata a bar shi yana zuwa kafin a ce ya turo magabatansa?

Shari'a ba ta yanka adadi ba. A ganinmu wata uku zuwa shida sun isa mutum ya san ko yana so. Bayan nan kawu ko baffa ya kira shi, cikin mutunci, ya tambaye shi shirinsa. Ba cewa ake ya kawo sadaki gobe ba. Ana so a ji magana mai kan gado: iyayensa sun san da zancen? Me yake jira, kammala karatu ko ɗaki? Zuwa yaushe? Wanda ya ce "bayan na gama bautar ƙasa, watan kaza" ya ba da abin riƙewa. Wanda shekara biyu amsarsa "ana dai shiri" yana kashe mata kasuwa ne, don masu niyya suna ganin motarsa su juya.

Yaya ake binciken manemi yadda ya kamata?

Nan ne iyaye suka fi yin sakaci, kuma nan ne ya fi cancantar a ɓata lokaci. Kuskuren da aka saba shi ne a tambayi mutanen da shi ya kawo. Abokinsa da kawunsa ba za su faɗi aibinsa ba.

A tura mutum biyu daban-daban waɗanda ba su san da juna ba, namiji da mace, saboda abin da mata ke ji a cikin gida maza ba sa jin sa a majalisa. Namijin ya je unguwar da ya tashi, ba inda ya kama haya bara ba. Ya yi sallah a masallacin layinsu, ya tambayi liman ko ladan ko suna ganin sa, ya zauna wurin mai shayi da mai kanti, su ne suka san wanda ke cin bashi ba ya biya da wanda ke dawowa gida ƙarfe biyu na dare. Ya je wurin aikin da ya ambata ya tabbatar akwai shi, kuma a matsayin da ya faɗa. In ya ce ɗan kasuwa ne, a ga shagon, a tambayi maƙwabtan shagon ko nasa ne ko yaron shago ne. Zama yaron shago ba abin kunya ba ne, ƙaryar ce abin dubawa.

Macen kuma ta binciko cikin gida: yaya yake da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, yana da saurin hannu, ya taɓa aure? In ya taɓa, mata nawa ya saka, me ya raba su, wa ke riƙe da 'ya'yan, yana ciyar da su? Mutumin da ya saki mata uku kuma a bakinsa duk su ne masu laifi, ta huɗun ma haka za a ce da ita. In yana da mata a gida, a san ko ta san da maganar, da kuma inda zai ajiye amarya.

Tambayoyi uku ba a tsallake su: shaye-shaye, duka, da hanyar samun kuɗi. Wanda aka tambaya kuma ya sani cewa faɗin gaskiya a shawarar aure ba giba ba ce, amana ce. Bayan bincike sai istihara, ita yarinyar ta yi da kanta, iyaye ma su yi. Abin da aka gano kuma a gaya mata dalla-dalla. "Mun bincika bai yi ba" ba ya gamsar da mai shekara 25.

Yaushe ya dace a yi gwajin jini?

Tun kafin a sa rana, kai, tun kafin soyayya ta yi nisa. Iyalai da yawa sai an kai lefe an raba katin gayyata suke zuwa asibiti, lokacin da fasawa ta zama abin kunya, sai a rufe ido a ɗaura.

Kowace budurwa ta san nau'in jininta na gado, wato genotype, tun ba ta da saurayi. In AA ce, ba fargabar sikila ko wa ta aura. In AS ce ta auri AS, kowane ciki yana da kaso 25 cikin 100 na zuwa da SS, wato sikila. A fahimci wannan da kyau: ba wai ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ne kawai zai samu ba, kowane ciki lissafinsa sabo ne, ana iya haifar uku a jere duk masu sikila. AS da AC ma suna iya haifar SC, wadda ita ma cuta ce. Mai AS ta riƙa tambaya da wuri, kafin zuciya ta kamu.

Sai gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta nau'in B da C. A Jihar Kano doka ta wajabta waɗannan gwaje-gwaje kafin aure tun shekarar 2024. Su je tare, asibitin da aka yarda da shi, a ɗebi jinin a gaban juna, su karɓi sakamako daga hannun ma'aikacin lafiya. Kada a karɓi takardar da wani ya kawo daga gida, ana sayen ta bogi. Gwajin ƙanjamau na gaggawa yana iya kasa gano cutar da aka ɗauka kwanan nan, don haka a maimaita bayan wata uku. In ɗaya yana da ciwon hanta nau'in B, ba lallai a fasa ba: ɗayan yana iya karɓar rigakafi, allura uku cikin wata shida, bisa shawarar likita.

Na ga waya mai tsada da kayan sawa da ba mu saya mata ba.

Ki tambaya a ranar, da murya ƙasa. Tana iya yiwuwa sana'a take yi ta intanet, 'yan mata da yawa na sayar da atamfa, turare da kayan zaƙi ta sitatus. In haka ne za ta nuna miki cinikin cikin alfahari. In kyauta ce daga namiji, a san shi, kuma kyautar da ta fi ƙarfin matsayinsa a gidan a mayar, ko ya zo ya bayar ta hannun iyaye. Kyautar ɓoye bashi ce, kuma mai ita yakan zo karɓa.

Iyaye su ma su duba nasu ɓangaren. Ɗalibar da aka tura jami'a da kuɗin da ba zai kai ta rabin wata ba, ga kuɗin takardu ga na adaidaita sahu ga abinci, an bar ƙofa a buɗe. Ku zauna da ita ku yi lissafin wata na gaskiya. In ba za ku iya cikawa ba, ku faɗa mata, ku nema mata jari ko da kaɗan ne. Uwar da ke karɓar rabonta daga abin da saurayi ya kawo ba tare da tambaya ba, ranar da za ta tsawata bakinta ba zai yi nauyi ba.

Ta kawo wanda ba mu so. Muna da ikon hana ta, ko mu ba ta wanda muka zaɓa?

Ku fara rubuta dalilinku, ku duba ko zai tsaya a gaban malami. Rashin sallah, shaye-shaye, duka, ƙarya kan aiki ko aure, dukiyar da ba a san tushenta ba, rashin abin riƙe iyali kwata-kwata: waɗannan dalilai ne, kuma waliyyi yana da haƙƙin ƙi a kansu. Amma "ba ɗan garinmu ba ne", "ba ƙabilarmu ba", "kakansa mahauci ne", "na riga na yi wa ɗan abokina alkawari", waɗannan son rai ne. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito addini da hali ya ce a duba, kuma ya yi gargaɗin fitina in aka ƙi mai su.

Littattafan Malikiyya sun ambaci ikon uba na aurar da 'yarsa budurwa, amma an ɗaure ikon da maslaharta, ba makami ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a nemi izinin budurwa, ya kuma warware auren Khansa'u bint Khizam, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da son ta ba. Aya ta 232 a Suratul Baƙara ta sauka ne kan Ma'aƙil bin Yasar lokacin da ya hana 'yar'uwarsa komawa ga mijin da take so. Waliyyin da ya ƙi mutumin kirki ba dalili, alƙali yana iya umartarsa, in ya kafe a aurar da ita ba da shi ba.

A aikace, tilas ba ta haifar da zaman aure. Tana haifar da yaji, gudu, da saki cikin shekara. In dalilinku mai ƙarfi ne, ku nuna mata hujja, ku ba ta wata biyu ko uku, ku sa wanda take girmamawa ya yi mata magana. Kada ku zage shi a gabanta, zagi kare shi yake sa ta yi. Kada kuma uwa ta yi saurin cewa "ban yafe ba". Kalmar tana da nauyin da ba a janye shi da sauƙi.

Ƙawayenta ba su kwanta mini ba.

Ki gayyace su gida ki ba su abinci. Awa biyu a falonki za su nuna miki abin da shekara ta zargi ba za ta nuna ba. Wadda ya kamata ki sa wa ido ita ce babbar mace mai kuɗi da ta ɗauke ta "'yar ɗaki", tana yi mata kyauta, tana kai ta wuraren da ba a gayyaci iyaye ba, kuma ba ta taɓa zuwa ta gaishe ki ba.

Shaye-shaye kuma ba na maza kaɗai ba ne. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin. Kwalaben maganin tari a jaka ba tare da tari ba, barcin rana mai nauyi, magana tana jan baki: asibiti za a nufa, duka ba ya cire jaraba.

An tura ta bautar ƙasa wata jiha mai nisa, ko ta samu aiki a Abuja. Mu bar ta?

In za a bar ta, a yi shiri. Sansanin horo mako uku ne, sauran shekarar a wurin aiki. A samo dangi ko amintaccen gida a garin, ko masaukin ƙungiyar Musulmi masu bautar ƙasa inda akwai shi. Wani babba ya je ya ga ɗakin da idonsa, ya san mai gidan. Ku karɓi lambar mutum biyu da ke kusa da ita. Ku yanka lokacin waya da kuka yarda da shi tare, kira goma a rana yana koya mata ƙin ɗauka.

Ku kuma yi mata maganar wanda za ta haɗu da shi ta Facebook ko TikTok, don za a samu. Haɗuwar farko da rana, a wurin jama'a, da ƙawa, ba a otal ko gidansa ba, kuma da kuɗin motarta a hannu. WhatsApp yana da hanyar nuna inda mutum yake kai tsaye na minti 15, awa 1 ko awa 8, ta tura wa 'yar'uwarta kafin ta fita. Wanda bai taɓa yarda a yi kiran bidiyo ba, ko ya fara neman rance, ko ya yi mata tayin aiki a ƙasar waje da biza kyauta, a tsaya nan. Tayin aiki irin wannan ana iya kai shi hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane a tantance.

Wani yana barazanar watsa hotunanta in ba ta ba shi kuɗi ko ta je wurinsa ba.

In har ta iya gaya miki wannan, ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta, kada ki sa ta yi nadama. Faɗa ya jira. Ga abin yi a jere. Kada a biya ko sisi, wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. Kada ta je inda ya kira ta. Kada a goge komai: a ɗauki hoton duk saƙonnin yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, da lambar asusun da ya turo, a adana a wata wayar. Sannan ta daina ba shi amsa. Ta canza lambobin sirrinta, ta kunna tabbaci mai mataki biyu, ta duba jerin na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗinta ta cire wanda ba ta sani ba.

Barazana da karɓar kuɗi ta wannan hanya laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. A kai ƙara wurin 'yan sanda tare da babban namiji mai natsuwa ko lauya. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimakawa a irin wannan. Kada a tura 'yan'uwanta maza su dake shi, sai mai laifi ya koma mai ƙara, asirin da ake rufewa ya tonu a caji ofis. Kwanakin nan kada a bar ta ita kaɗai, tsoron tonon asiri yana kai 'yan mata ga cutar da kansu.

In an yi mata fyaɗe fa, ko ta zo da ciki?

Fyaɗe maganar awanni ce. A kai ta asibiti nan take, kafin wanka in zai yiwu, a tafi da tufafin da ke jikinta a cikin takarda ko ambulan, ba leda ba. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ana shan sa kwana 28, kuma likita zai yi bayanin maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa. Akwai cibiyoyi na musamman, irin su Waraka a asibitin Murtala da ke Kano da cibiyoyin Salama a Jihar Kaduna. Iyalan da suka tsaya taron dangi kwana huɗu kan yadda za a rufe magana sukan rasa wannan damar.

Ciki kuma, kowace hanya ya zo, kora ba ta goge shi. Wadda aka kora tana faɗawa hannun mai zubar da ciki a ɗakin bayan kemis, ko titi. A kai ta awo, a tambayi malami masani hukuncin aure da nasaba a halin da ake ciki kafin a yanke komai, kada a yi gaggawar ɗaura aure don rufe baki.

Ta kai shekara 30 ba tsayayye, ƙannenta sun yi aure. Me muka yi ba daidai ba?

Wataƙila ba komai. Karatu yana ɗaukar shekaru, kuma tsadar lefe da kayan ɗaki da haya ta sa samari da yawa ja da baya. Abin da ke hannunku shi ne kada gida ya zame mata wurin gori. "Kin yi kwantai", "kin tsofe mana a gida", "ki fitar da miji kafin sallah": kalaman nan ne ke tura mace ta auri duk wanda ya zo, ta dawo da ɗa a baya bayan shekara. Ku hana ƙannenta da matan gida faɗin su.

Taimako na gaske shi ne ku tambaye ta irin wanda take so, in ta yarda ku sanar da amintattun dangi da malamai. Ba abin kunya ba ne uba ya nema wa 'yarsa miji, Sayyidina Umar ya yi wa Hafsa. Ku sauƙaƙa abin da kuke nema daga manemi. Ku yi hattara da masu cewa aljani ya aure ta ko an yi mata asiri, suna karɓar kuɗi da raguna, musamman wanda zai ce a bar shi da ita a ɗaki. Addu'a da ruƙiyya ta iya yi wa kanta, ku ma ku yi mata.

In ta daina fita, ta daina kwalliya, tana yawan kuka, barci ya ƙaurace mata ko ya yi yawa, kuma hakan ya wuce mako biyu a jere, wannan ciwon damuwa ne mai magani. A fara da likitan babban asibiti mafi kusa, shi zai tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa in da buƙata, kamar na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato ko na Maiduguri. Ki raka ta da kanki, kuma kada labarin ya wuce ke da mahaifinta sai da izininta.